Masu Adireshi a Amurka da Tabarau Mai Kyamara

Tun da kamfanin Meta ya haɗa kai da masu Ray-Ban suka fitar da tabarau mai kyamara da lasifika a watan Oktoban 2023 kan dala 299, aka samu wata sabuwar al'umma a biranenmu: masu adireshi a Amurka waɗanda ko filin jirgin Malam Aminu Kano ba su taɓa shiga ba. Ba a sayar da tabarau ɗin a Najeriya a hukumance, shagunan can kuma da yawa ba sa aiko kaya nan. Don haka sai mutum ya yi rajista da kamfanin tura kaya, irin su MyUS na Florida ko Shipito ko Stackry, a ba shi lambar akwati a sitonsu, shago ya kai kaya can, su kuma su ɗoro a jirgi. Tsarin ba shi da aibu. Inda gizo ke saƙa shi ne, kamfanin kwali kaɗai yake ɗaukowa, masu saye kuwa kowa na zaton akwai abin da zai biyo kwalin: wani farashin Amurka, wani garanti, wani harshe, wani kuma mutunci. Da wannan zato ake rarrabe su.

Wanda ya fi yawa shi ne mai lissafin dokin rano. Ya ga 299, ya buga da naira 1,500, ya samu 448,500, ya shelanta wa majalisa cewa 'yan kasuwar waya ta Farm Centre azzalumai ne. Bai sa kuɗin canjin da katin dala zai ci ba. Bai san yawancin jihohin Amurka suna ɗora harajin saye a kan farashin da ke rubuce ba, shi ya sa idon-garin cikinsu ke neman sito a Oregon ko Delaware ko New Hampshire, inda babu wannan haraji. Bai san tabarau ɗin da gidan cajinsa duk batirin litiyam ne a cikinsu ba, wanda dokar jiragen sama ke ɗauka a matsayin kaya mai haɗari, wani lokaci sai an yi masa takarda da alama, wani kamfanin ma ya caji kuɗi na daban. Ga inshora, ga kwastan, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. A watan Satumbar 2025 hukumar kwastan ta yafe haraji kan ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, mutuminmu ya yi ta murna har da rabon goro, domin dala ɗaya ta cece shi. A cikin watan ne kuma Meta ya fitar da sabon samfuri kan dala 379, shi ko a duniya babu abin da ya tsana kamar tsohon yayi.

Ƙaninsa a wannan sana'a shi ne sarkin haɗe-haɗe. Ya ji an ce in aka tara kaya a kwali guda kuɗin jirgi na sauka, kuma gaskiya ne. Kuskurensa ɗaya, ya faɗa a gida. Kafin la'asar uwargida ta aiko hoton takalmi, amarya ta aiko na jaka, ƙanwar mahaifiya ta tuna tukunyar lantarki, kowa na cewa "ai ba ta da nauyi". Masu jirgi kuwa ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har da wurin da kaya ya cinye: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 40 da 30 da 30 kilo 7.2 ne a wajensu, ko auduga ce a ciki. Haka tabarau da bai kai nauyin albasa ɗaya ba yake zama limamin ayari, mai shi kuma ya biya wa dangi kuɗin jirgi ba tare da an gode masa ba.

Akwai mai gadin lamba, wanda tun daga ranar da aka ba shi lambar bibiyar kaya ya daina barci. Ya san lokacin da kwalinsa ya sauka a Jamus, ya san sa'ar da ya tashi, amma bai san ɗansa na aji nawa ba. Wannan ba ya cutar kowa sai batirin wayarsa.

Mai cutarwar shi ne gwanin dabara, da ke roƙon kamfani ya rubuta dala 40 a takardar kaya, ko ya ce kyauta ce. Kamfanoni masu rajista ba sa yarda, domin laifi ne a can da nan. In ma ya samu mai biye masa, ya manta inshora abin da aka rubuta take biya. Ranar da kwali ya ɓata, dala 40 ɗinsa za a miƙo masa, ga shi ba damar ya yi kuka da ƙarfi, don kukan nasa shaida ne a kansa.

Amma wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne wanda komai ya tafi masa daidai. Kaya ya iso lafiya, ya yi wanka, ya kafa hula, ya ɗora tabarau, ya fito ƙofar gida, ya ce masa ya faɗi abin da yake gani. Shiru. A nan ne yake gane cewa rabin abin da ya saya ba ya cikin kwalin. Kyamara da lasifika suna kan hancinsa, amma ƙwaƙwalwar tana can a kwamfutocin Meta, kuma kamfanin ƙasa-ƙasa yake buɗe ayyukanta. Hoto da bidiyo da amsa waya za su yi, sauran kuwa sai abin da aka ga dama. Fassarar kai tsaye da ake ta talla da Turanci da Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci ta fara, babu Hausa a ciki. Sai ka ga magidanci da gemunsa yana tsaye a rana yana lanƙwasa harshe irin na mutanen Amurka don gilashi ya ji shi, maƙwabta na leƙe suna yi masa addu'ar samun sauƙi. Daga nan ya koma almajirin VPN, wayarsa yau tana Landan gobe tana Toronto, har bankinsa ya fara zargin an sace ta. In kuma hannun tabarau ɗin ya daina caji, garanti yana nan daram, sai dai a ƙasar da aka saya. Kafin ya biya jirgi zuwa da dawowa, mai gyaran waya na bakin kasuwa ya riga ya ɓalle shi da sukurdireba ya ce ba a samun kayansa.

Na ƙarshensu mutunci ya yi oda. Yana so a ce shi ne na farko a unguwa, kuma an ce, amma ba yadda ya so ba. Google ya gwada irin wannan a 2013 kan dala 1,500, wasu mashaya da gidajen abinci a Amurka suka hana shiga da shi, kafin a dakatar da sayar da shi a farkon 2015. In mutanen da ke ɗaukar hoton abincinsu kafin su ci sun ƙi kyamara a fuskar baƙo, ina ga gidan biki a Kano, ɓangaren mata? Tabarau ɗin Meta na da 'yar fitila da ke haske in ana ɗauka, in an rufe ta kuma ya ƙi ɗauka. Wanda ke yawon tambayar yadda ake kashe fitilar ya riga ya gaya wa jama'a ko shi wane ne.

Za a ce wannan duk hassadar marasa hali ce, kuma Bahaushe bafatake ne tun zamanin ayarin Gwanja, bai taɓa jiran kaya ya zo ƙofarsa ba. Haka ne, sai dai madugu yakan san kuɗin fito da na zango kafin ya ɗaura wa jaki kaya, kuma goron da ya sayo ba ya daina aiki don ya ƙetare iyaka. Za a kuma ce akwai masu buƙata ta gaskiya: mai ɗaukar bidiyo da ke son hannuwansa su zama a sake, ko makaho da na'urar za ta karanta wa rubutu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta fi wajabta bincike, domin abin da makaho ke buƙata yana cikin ayyukan nan da ake buɗewa ƙasa-ƙasa, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne. Mai ɗaukar bidiyo shi ne kaɗai kusan duk abin da yake nema ke cikin kwalin.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka tura ko sisi, buɗe shafin kamfanin ka duba ko sunan ƙasarka na cikin jerin waɗanda ake yi wa hidima, ka tambayi mai tura kaya ko yana ɗaukar batiri da nawa, sannan kada ka faɗa a gida.