Baƙuwar da Ta Riga Mai Gida Zuwa Duniya

Mai kiwon murjani a akwatin gilashi mutum ne mai ƙarfin hali. Ya sayo gishirin teku, ya tace ruwa, ya kafa fitila mai ɗan karen tsada. Kwatsam wata safiya sai ya tarar wata jar shimfiɗa mai yauƙi ta lulluɓe yashi da duwatsu, da 'yan kumfa a samanta. Hajiya sayanobakteriya ce ta sauka, ko sallama babu.

Ƙwayar bakteriya ce da ke haɗa abincinta da haske, yadda tsiro ke yi. Kakanninta ne suka fara cika sararin duniya da iskar oksijin, shekaru wajen biliyan 2.4 da suka shuɗe. Wadda ta ga jiya ta ga yau haka, mai gida da ɗan tiyonsa ne zai firgita ta?

Sai yaƙi ya kaure. A zuƙe ta da tiyo, gobe ta dawo. A kashe fitila kwana 3 a rufe akwatin ruf, murjani ya sha wuya, ita ta yi likimo. A zuba maganin erythromycin, ta ɓace, in sanadi na nan ta komo da ƙarfinta.

Sanadin kuwa galibi mai gidan ne: abincin kifi ya yi yawa, fosfet ya taru, ruwa ya kwanta a lunguna. Malam, rage hannu wajen ciyarwa, ƙara famfo, riƙa canza ruwa, ka yi haƙurin makonni. Kifin nan da ke bin ka da ido ba yunwa yake ji ba, kwaɗayi ne kawai.