A Hanoi, waya ce ke fara cin abinci

Akwai wani irin iyali da ba ya ɓuya a filin jirgin Noi Bai na Hanoi, babban birnin Biyetnam. Maigida na gaba da jakar fasfo rataye a wuya, uwargida na biye da jerin wuraren da ta kwafo daga Instagram, yara kuma na can baya suna cigiyar intanet na kyauta. In ka tambayi maigida abin da ya kawo su, zai gyara murya ya ce sun zo sanin al'adu da abincin mutane. Birnin da ya yi bikin cika shekara 1000 a 2010 suka ware wa kwana huɗu.

Tun a wurin canji ake fara raba hali. Dala ɗaya ta haura dong 25,000, don haka da dala arba'in kacal maigida ya zama miloniya, tafiyarsa ma ta sauya. Abin da ba a gaya masa ba shi ne takardar 500,000 da ta 20,000 duk shuɗaye ne. Kafin magariba ya sayi ruwan gora mafi tsada a tarihin zuriyarsu, yana ta yaba fara'ar mai shagon.

Sai tsallaka titi a tsohon gari, unguwar nan mai tituna 36 da a da kowanne ke da sana'arsa. Babura ba sa tsaya wa kowa. Dabarar 'yan gari ita ce ka taka a hankali, kada ka ruga, kada ka ja da baya, masu babur su za su kauce maka. Maigida ya karanta wannan tun a jirgi, har ya yi wa iyalinsa lacca a kai. Da aka zo bakin titi kuwa, sai ga shi maƙale a bayan wata tsohuwa mai tallan 'ya'yan itace kamar ɗan tsako a bayan kaza.

A wajen abinci abin ya fi armashi. Mutanen Hanoi da sassafe suke shan pho, wato taliyar shinkafa a romon naman sa ko kaza, zaune kan 'yan kujerun roba a bakin hanya, kuma da zafinsa ake kurɓa. Baƙin namu sai waya ta ƙoshi tukuna. A ɗauka ta sama, a ɗauka ta gefe, a sake saboda hannun auta ya shigo. Kafin a gama romo ya huce, maigida ya yi kokawa da tsinkayen cin abinci ya sha kaye, ya koma raɗa wa mai abinci ko da cokali mai yatsu.

'Yan kasuwar birnin sun daɗe da gano lagon irin waɗannan baƙi. A watan Mayun 2016 shugaban Amurka Barack Obama ya ci bun cha tare da mai shirin talabijin Anthony Bourdain a gidan abinci na Huong Lien, kuɗin cin nasu wajen dala shida. Daga baya masu gidan suka rufe teburin a cikin gilashi, da kwanoni da kujeru, har suka sa wa wani haɗin abinci sunan Obama. Yau mutane na zuwa daga nahiyoyi su ɗauki hoton teburin da babu kowa a kai. Iyalin da ba sa cin alade kuwa sai sun gama hotunan suke jin cewa bun cha gasasshen naman alade ne. Daga nan sai a bazama neman gidan abincin Indiyawa, an keto duniya an ƙare a kan biriyani.

Kofi mai ƙwai ma dole ne a sha. Nguyen Van Giang ya ƙirƙiro shi a 1946 lokacin da madara ta yi wuya, ya kaɗa kwanduwar ƙwai da sukari a madadinta. Dabarar rashi ce ta zama abin alfahari. Maigida ya kurɓa ya lumshe ido, uwargida ta harare shi.

"Baban yara, da ni ce na kaɗa maka ƙwai a kofi a gida, ai da tuni ka kai ƙarata wajen iyayena."

A Haikalin Adabi, wanda aka gina a 1070, akwai alluna 82 na dutse a kan bayan kunkurayen dutse, ɗauke da sunayen waɗanda suka ci jarrabawar fada daga 1442 zuwa 1779. Ɗalibai sun yi ta shafa kan kunkurayen don neman sa'a har sai da aka kange su. Nan maigida ya samu mumbari, ya dage yana wa yara wa'azin karatu, har auta ta katse shi.

"Baba, kai a wane allo sunanka yake?"

Aka wuce zuwa titin jirgin ƙasa, inda jirgi ke ratsa lungu dab da ƙofofin gidaje. A 2019 hukumomi sun ba da umarnin rufe shagunan kofi na wurin saboda haɗari, amma baƙi ba su fasa zuwa ba. Mutumin da a gida ba ya barin yaro ya leƙa ƙofar gida shi kaɗai, shi ne ya jera 'ya'yansa a gefen dogo yana cewa su yi murmushi. Da dare aka shiga gidan wasan 'yar tsana na Thang Long, inda masu wasa ke tsaye cikin ruwa har ƙugu a bayan labule. Uwargida ta kalli wasan ta fuskar waya, maigida ya yi barcinsa.

McDonald's ya buɗe reshensa na farko a Hanoi a watan Disambar 2017, kusa da tafkin Hoan Kiem. Can iyalin suka ci abincin daren ƙarshe. Yara sun lashe komai, maigida ya nemi ƙari, kuma wannan kaɗai ne abincin da ba wanda ya ɗauki hotonsa.