Injiniyan da Bai Kunna XMP Ba

A majalisarmu Injiniya ake ce mini, ban kuma taɓa hana kowa ba. Amma ciwona guda ne: in na'ura ta yi tari ba na auna ta, sai in ɗora wa wani sashe laifi in kama hanyar kasuwa.

Shekara guda kwamfutar da na haɗa da hannuna tana yi mini gardama. Ana tsaka da ɓarin wuta a wasan Warzone sai hoto ya daskare, kafin ya dawo an aika ni barzahu. Na yanke hukunci ram ce ba ta da gudu, alhali sanduna biyu ne na DDR4, kowace giga 8, an rubuta 3200 ɓaro-ɓaro a kwali. Har na fara tara kuɗin mai 3600.

Sai ɗan ƙanwata, wanda ko sakandare bai gama ba, ya ce, "Kawu, kun taɓa dubawa kuwa?"

Ya buɗe manhajar MSI Afterburner, muka ga katin hoto ko kashi 70 na ƙarfinsa ba ya bayarwa. Ya sauke girman hoto daga 1080 zuwa 720, adadin hotunan da ke fita a sakan bai motsa ba. Ya ce da katin ne ya gaji, da yanzu lambar ta tashi. Katin zaune yake yana jiran furosesa da ram su miƙo masa aiki. Na gyara zama na ce ai na faɗa.

Murnata ba ta yi nisa ba. Task Manager ya nuna gudun ram ɗin 2133 ne. Ashe ram irin wannan da gudun ƙa'ida take tashi, sai ka shiga BIOS ka kunna XMP kafin ta kai abin da ke kan kwali. Da muka buɗe murfi kuma, ga sandunan nan manne da juna kamar tagwaye, suna cunkoso a layi ɗaya, maimakon rami na biyu da na huɗu daga furosesa, inda kowace za ta samu nata layin. Ni na saka su haka, don sun fi kyan gani.

Muka gyara, daskarewar ta ragu sosai. Ina duba gudun a manhajar CPU-Z na ga 1600, nan take na kira wanda ya sayar mini da ram ɗin: "Alhaji, ka ji tsoron Allah, rabin gudu ka ba ni!" Yaron yana jan hannun rigata yana raɗa mini cewa DDR sau biyu take aika bayanai a kowane bugu, 1600 ɗin ita ce 3200. Na ce Alhaji layin ba kyau, na kashe.

Har yanzu dai ana kashe ni a wasan. Jiya da dare na fara tambayar farashin sabon linzamin kwamfuta.