Jan Biri da Mazagin Waliyyi

Tun ranar Asabar ban sake taka masallacin unguwarmu ba. A gida nake jan iyali salla, kuma ko su ina jin ana danne dariya a sahun baya.

Autana ne ya je hutu wajen kakanninsa a Tudun Wada, bakin dajin Falgore, ya dawo da ɗan jan biri cikin riga. Masu gadin masara sun harbe uwar, aka iske shi manne da cikinta ya ƙi saki. Da aka ɓamɓare shi, sai ya koma ya manne wa yaron. Na ce a mayar da shi. Yaron ya ce, "Baba, maraya ne fa," kuma a islamiyya an gaya musu ladan riƙon maraya. Ina zan kai wannan fatawa? Da fidar jarirai ya raine shi, tare suke barci, in ya tafi makaranta birin ya zauna kan katanga yana ƙaramin kuka har a tashi. Cikin wasanninsu akwai wata 'yar jakar gyaɗa mai zarge, yaron ya koya masa in ya ga bakin zare yana lilo ya ja, gyaɗa za ta zubo.

To, Asabar aka zo neman auren 'yar yayana, ni ne waliyyi. Dattawa sun cika zaure, har da limaminsu. Na sha sabuwar shadda, sitaci na ƙara, kaftanin kuwa tela ya yi mini na zamani, iyakarsa cinya. Babban cikinsu ya miƙo goro da alewa cikin faranti, na miƙe tsaye na karɓa hannu bibbiyu don girmamawa, na soma, "Mun gode, Allah ya sa albarka, ai mu da ku..."

Sai na ji ɗan sanyi a ƙuguna.

Duk wanda ya san wandon Bahaushe ya san ƙugunsa zai ɗauki mutum biyu, mazagi kaɗai ke riƙe da mutuncinsa. Kuma da tsohon yadi ne da ya faɗi lokaci guda a huta. Shadda mai sitaci a hankali take sauka. Ta tsaya a gwiwa kamar mai neman izini, na matse ƙafafu, ta ce ƙarar, ta wuce. Ina jin sautin nan har yanzu in na rufe ido. Hannuwana na ɗauke da goron mutane, zubar da shi a ranar neman aure kuwa wata magana ce da za a yi ta har ranar suna. Ga gajeren wandon da ke ciki, na ƙwallo ne, ja da fari, wanda uwargida ta sha cewa in jefar. Liman ya ɗaga kai yana nazarin azarar zaure. Wani ya ce "Subhanallahi" a hankali. Ni kuma bakina bai samu labari ba, ya ƙarasa, "...an zama ɗaya."

Birin yana zaune kan takalmina, mazagi a hannu, yana leƙen sama, jiran gyaɗa yake.

Nan maƙwabcina, tsohon maharbi, wanda ba a gayyace shi ba, ya karɓi ragamar al'amari. "Alhaji, kada ka motsa! Kada ka haɗa ido da shi, faɗa ka nema." Ina zan motsa? "Kada kuma ka yi murmushi, in ya ga haƙori ya ɗauka barazana ce." Wallahi murmushi bai zo mini a rai ba. Ya juya ga baƙi ya shiga ba su karatu: jan biri ba na kan bishiya ba ne sosai, a ƙasa yake yawo, ƙaro da fara yake ci, kuma duk duniya ba birin da ya kai shi gudu, yana yin kilomita 55 a awa, "don haka, Alhaji, kada ka ce za ka bi shi." Da wando a idon sawu! Wani cikin baƙin har tambaya ya yi, ko gaskiya ne yana ɓoye abinci a kumatu. Maharbi ya ce ƙwarai, ya ɗauki goro guda daga farantin da ke hannuna, ya miƙa wa birin don a gani da ido. Aka matso ana kallo. Ba wanda ya tuna ya karɓi farantin.

Autana ne ya shigo a guje, ya dubi birin, ya dube ni, ya ce, "Baba, ka ba shi gyaɗarsa mana. In ba a ba shi ba gobe ba zai ja ba."

Sun ce a sa rana bayan Babbar Salla. Sun kuma roƙi a ɗaura auren a zaune.