Amfilifaya Ba Ta Son Zalama

Akwai wata aƙida da ta kama masu motoci da 'yan Adaidaita Sahu: wai amfilifaya ba ta fara aiki ba sai murfin but ya kama rawa, maƙwabta sun leƙo ta taga. Shi ya sa da an ɗaura ta, hannu ke zarcewa kan ɗan maɓallin gain, a murɗe shi har ƙurya. Alhali aikinsa kawai shi ne daidaita ƙarfin abin da rediyo ke turowa da abin da amfilifaya za ta iya ɗauka. In ya wuce kima, sauti ya dagule ya koma gurnani, naɗin wayar cikin sifika ya ɗau zafi, sai ƙauri. Mai gyara kuma ya samu na cefane.

Gyaran ba wuya. A kai muryar rediyo kusan kashi uku cikin huɗu, a riƙa ɗaga gain sannu sannu, da sauti ya fara shaƙewa a ɗan ja baya. A sa fis kusa da batir, a ɗaure gajeriyar wayar ƙasa a ƙarfen da aka kankare fentinsa. Wani zai ce da kuɗinsa ya saya, dole ya mori kowane wat. To, ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, bambancin da kunne ke ji kaɗan ne. Wanda ya ƙona sifika saboda wannan, ai ya biya kuɗi biyu: na kiɗa da na jin ƙarar injinsa har gida.