Bakwai da Rabi a Ƙofar Makaranta

Kano ta sha gadoji. Ga ta Ƙofar Nasarawa da aka yi zamanin Kwankwaso, ga ta Dangi da ta Hotoro na zamanin Ganduje, ga na ƙarƙashin ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya. Sun yi amfani, babu musu. Sai dai akwai cunkoson da babu injiniyan da ya isa ya yi masa gada, wato wanda ake haɗawa kullum da bakwai da rabi na safe a ƙofar makarantar kuɗi. Yawancin irin waɗannan makarantu gidajen kwana ne aka fasa ɗakuna aka mayar azuzuwa. Layin da aka yanka don motar maigida da ta maƙwabcinsa, yau shi ake so ya haɗiye motocin iyayen ɗaruruwan yara cikin rabin awa. Masu haɗa wannan gosulo kuwa ba baƙi ba ne, kowa ya san su.

Shugabansu shi ne Alhaji Sai-a-Ƙofa. A wurinsa, a ce ɗansa ya taka ƙafa daga bakin layi zuwa get, cin mutunci ne. Gara ya yi kwata yana bin sahun motoci da ya ajiye tasa a gindin masallacin da ke farkon layi su ƙarasa da ƙafa cikin minti biyu. Abin dariyar, a cikin wannan jiran ne yake ba yaran labarin yadda shi a zamaninsa yake tafiyar mil uku zuwa firamare, ba takalmi, ba karin kumallo. Yana faɗa, sanyin mota yana kaɗa su. In Allah Ya kawo shi ƙofar, ba ya raɓewa gefe. A tsakiyar hanya zai ja burki, ya fito, ya gyara babbar riga, ya buɗe but, ya fiddo jakunkuna ɗaya bayan ɗaya. Sai kuɗin tara, wanda sai a lokacin zai tuna ba shi da canji. Sai addu'a. Sai kuma gaisuwa da maigadi, cikakkiya, ba a rage mata komai: “Baba, ina kwana? Ya iyali? Ya sanyi? Ya mai jikin nan, da sauƙi dai?” Bayansa duniya ta tashi da hon, shi kuwa sai ya ɗaga hannu cikin natsuwa: “Haba jama'a, minti ɗaya ne fa.” Gaskiya ya faɗa. Minti ɗaya ne. Abin da bai lissafa ba shi ne, duk wanda ke bayansa ma da nasa minti ɗayan ya zo.

Tana biye da shi, Hajiya mai ƙarasa shiri a mota. Ita motarta ɗaki ce ta biyu. A nan ake saka safa, a nan ake shan shayi, a nan ake gano cewa Walid bai yi aikin gida ba, kuma takalmin Ilham ƙafa ɗaya yana can ƙarƙashin gado. Ni dai ba na iya ganin laifinta sosai. Jiya ba a kawo wuta ba balle a yi guga, ita kaɗai ta yi wa yara huɗu wanka ta zuba musu abinci a kula, maigida yana kishingiɗe yana jin labaran safe a rediyo yana cewa ƙasar nan ba tsari. Da zai miƙe da daddare ya haɗa jakunkuna ya jera takalma a bakin ƙofa, da an rage wa layin makaranta kwata guda.

Mai hon ba ya buƙatar dogon bayani. Ya yi imani cewa in ya danna sosai motar gabansa za ta yi fiffike.

Wanda ya fi ba ni haushi, ya kuma fi ba ni dariya, shi ne Sarkin Lungu. Shi bai yarda akwai layin da aka yi don irinsa ba. Da ya hango motoci sun tsaya, sai ya karkata ya hau hannun masu tahowa, wasu marasa haƙuri su bi shi, nan take hanya mai hannu biyu ta koma mai hannu uku, duk suna kallon gabas. A babban titi ba ya yin haka, don tun da aka kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA a 2012 ya san kuɗin tara da zafi. Amma a lungu babu mai riga ruwan ɗorawa, sai Allah. Ƙarshen tafiyarsa kullum ɗaya ne: ya yi kiciɓis da ɗan'uwansa Sarkin Lungu daga ɗaya ɓangaren, goshin mota da goshin mota. Kowa ya kashe inji. “Malam, ka yi ribas.” “Wallahi sai dai mu kwana a nan.” “Ka san ko ni wane ne?” Yara suna leƙe ta taga suna koyon darasin farko na ranar kafin a kaɗa ƙararrawa. Sarkin Lungu yana kuma da wata ɓoyayyiyar hanya da yake rantsuwa shi kaɗai ya san ta. Ranar da ya bi, ko dai ya tarar an kafa rumfar biki, ko tifa ta juye yashi, ko kuma ya iske rabin iyayen makarantar sun riga shi sanin sirrin.

Ɗan sahu kuwa sai an yi masa adalci. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, adaidaita ta zama bas ɗin makarantar talaka. Eh, yana cusa yara har jakunkuna na reto a waje, kuma aƙidarsa ita ce duk inda tayar gaba ta shiga, sauran jikin ma zai shiga. Amma shi kaɗai yake sauke 'ya'yan gida biyar a tsayuwa ɗaya. Ya san sunan kowane yaro, ya san mai kuka ranar Litinin, ya san wanda ke mantuwa da gorar ruwa. Masu manyan motoci da ke zaginsa, kowannensu yaro ɗaya ya ɗauko a kujerar baya.

Da rana wasu ne ke karɓar aiki. Direban gida yakan zo tun saura awa guda a tashi, ya kame inuwar da ta fi kowacce kusa da get, ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula. Mai askirim da mai awara su kafa nasu a daidai inda mota za ta juya. Ranar Juma'a kuwa, da tashin yara ya haɗu da masu tafiya masallaci, sai dai a ce Allah Ya kyauta. A tsakiyar wannan duka Baba maigadi yake tsaye da sanda da usur, ɗan sandan hanya ba albashi. Mai ƙaramar mota yana bin umarninsa. Mai baƙin gilas ko kallonsa ba ya yi.

Shi kuwa mai makaranta, wanda ya karɓi kuɗin yunifom da na littafi da na bikin yaye ɗalibai amma bai bar ko taku goma na ajiye mota ba, a taron iyaye da malamai yakan tashi ya ce iyaye ba su da haƙuri. Alhali maganin rabin abin yana hannunsa, kuma kyauta ne: a tashi 'yan nazare kwata guda kafin manya, a ce da safe ta nan ake shiga ta can ake fita, a buɗe ƙaramar ƙofar baya ga masu zuwa a ƙafa.

Akwai waɗanda suka tsira, su ma da nasu halin. Malam Sammako daga sallar asuba ba ya komawa barci. Bakwai saura yaransa suna makaranta suna taya mai shara hira. Bai san wani abu wai shi cunkoso ba, kuma ba zai bar ka ka manta da hakan ba. Sai 'yan karɓa-karɓa, maƙwabtan da suka haɗa yaransu a mota ɗaya, yau wannan ya kai, gobe wancan. Shekaru ana ba su wannan shawara suna cewa kowa da tsarinsa. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, sai ga waɗanda ko gaisawa ba sa yi suna tambayar juna, “Alhaji, wai naka ma ba can suke ba?” Tsarin yana tafiya lafiya har ranar da yara biyu suka yi faɗa a kan kujerar taga, iyaye mata suka ji labari.

Mafi ƙarfin hali shi ne wanda ya sa 'ya'yansa a makarantar unguwa, suna tafiya a ƙafa, babbar tana riƙe da hannun ƙaramin. Dangi har jaje suke yi masa: “Wai a ƙasa suke zuwa? Allah Ya buɗa.” Su masu jajen, na Hotoro yana kai nasa Kabuga, na Kabuga yana kai nasa Hotoro, kowa ya tabbata ilimi yana ɗaya gefen gari.

Sai mutumin kirki na ƙarshe, wanda ya ji shawara ya ajiye motarsa can bakin layi, ya riƙo hannun 'yarsa suka taka, ya miƙa ta ga anti, ya juyo yana wuce motocin da ya bari a tsaye, har da ɗan murmushinsa. Ya iso ya tarar wani ya yi fakin a bayansa ya toshe shi, ya kulle mota ya tafi. Ya tambayi mai shayin wurin ko ya ga mai ita.

“Yanzu zai dawo, yallaɓai. Ya ce minti ɗaya ne. A zuba maka ne kafin nan?”