Zumuncin Fitilun Fijo

Babu masu zumunci kamar fitilun tsohuwar Fijo 504. Taka birki, sigina ta amsa. Kunna sigina, fitilar baya ta taya ta ƙyafta ido, kada a ce ta bar 'yar'uwa ita kaɗai.

Mai gyaran wayar mota, da fis yake farawa. Ya ciro, ya ɗaga sama, ya hura masa iska kamar mai tofi. Lafiyarsa lau. A sayo sabon ƙwai daga kasuwar Ƙofar Ruwa. Jiya i yau.

Sai la'asar sakaliya a gano wayar da ke ɗaure da bodi ce ta yi tsatsa. Wuta ta rasa hanyar komawa batir, ta ratsa ta gidan maƙwabta. A kankare, a ɗaure, minti biyu.

"Alhaji, kuɗin aikin wuni guda ne fa."